Ba Roƙon Dami Zan Je Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan gurup. Admin ka ɓoye sunana, Magaria ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa. Don Allah shawara nake nema, amma wanda ya san wa'azi zai yi mini ya wuce abinsa, na sha shi a gida har ya ishe ni.

Ni tela ne, na haura hamsin, lakwal, wato boko, ban yi nisa ba, mahaifinmu ya cire ni ya kai ni koyon ɗinki don yayana ya ci gaba da karatu. Shi ya zama mushe, malamin makaranta ke nan, ya yi aikin gwamnati har ya yi rataret, kowace shekara yana da bakans, dogon hutun nan, ya je Yamai, ya je Kano, ya dawo yana ba mu labari muna gyaɗa kai. Ni kuwa tun lokacin ina kan keke, sallah ta zo ina ɗinki, biki ya zo ina ɗinki, in ka cire gaisuwar mutuwa da sayen yadi ban taɓa fita gari don kaina ba.

To bana na ce kaka na yi zan rufe shago in zaga ƙauyukanmu, in bi motocin kasuwa, inda mota ba ta zuwa in hau amalanke. In fara da Kwaya wajen ɗan kawuna, in ci ɗanyar gyaɗa dafaffiya a bakin gona, in sha furar sabon gero da nonon da ba a sirka da ruwa ba, in ci soyayyar fara da kwaɗon rama. Daga nan Yekuwa in ga kokawar da samari ke yi bayan girbi, in tsaya kusa da masu ganga har ƙirjina ya riƙa amsawa. In gangara wajen Dungass in sha rake a fadama, akwai wani tafki mai giginya da muka taɓa wucewa da mahaifiyarmu ina yaro, ina son in zauna bakinsa in kalli balbela da shanun Fulani suna shan ruwa. Shi ke nan abin da nake so, ban ce a ba ni komai ba.

Na kira ɗan kawun nan nawa na ce ina tafe da kaka, ban rufe baki ba ya ce ai yaya bana gero bai yi ba, ruwa ya ɗauke da wuri, amma ba za a rasa ɗan abin da za a ɗaura maka ba. Na ce masa ni gani zan zo yi, ya yi dariya ya ce ganin me, gero ne ba ka taɓa gani ba? Na kira wani abokina a Yekuwa, shi ma ya ce in zo da ƙaramin buhu kada in ɗauko babba in ji kunya. Sannan na gane, a wajenmu ɗan birni bai zuwa ƙauye da kaka sai da dalili ɗaya, ya je a ɗaura masa dami.

Maganar ta kai kunnen yayana, ya aiko aka kira ni kamar wani ɗan ajinsa. Ya ce in abinci ne babu a gidana in faɗa masa ya aiko da buhu, ba sai na bi ƙauyuka ina zubar da sunan gidanmu ba. Na ce masa bakans zan yi irin wanda ya saba yi, ya ce bakans na ma'aikata ne, tela hutunsa Juma'a. Ya ce in duba da kyau su wa ke bin ƙauye da kaka, maroƙa ne da makaɗa da makafi, in zaɓi wanda nake ciki. Ya ƙara da cewa in har na tafi, kada in faɗa wa kowa a can ni ƙanensa ne. Na ce masa dama sunansa bai taɓa ciyar da ni ba, na tashi na fita.

Abin da bai sani ba, kuma ba wanda ya sani sai matata, idona ne ke tafiya. Na je likita a Damagaram, lokotoro ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa rage masa gudu kawai yake yi. Na hagu saura kaɗan, zare ma da lalube nake sa shi a allura, masu kawo ɗinki ba su lura ba tukuna. Ban san yadda kakar baɗi za ta same ni ba, shi ya sa na ce bana.

Matata ta ce malam ka faɗa musu gaskiya kowa ya yi shiru. Na ce mata in na faɗa, damin da suke zargin na zo roƙo sai ya zama sadaka ta gaske, za su shimfiɗa mini tabarma a zaure suna sannu sannu, wani ya riƙe mini hannu, ba mai barina in je bakin tafki ni kaɗai, ga yayana zai zo da fuskar tausayi, wannan ta fi mini zaginsa ciwo. In kuma na yi shiru na tafi, za su ɗaura mini geron nan ko ina so ko ba na so, in na ƙi karɓa na raina su, in na karɓa na shigo gari da shi a kan mota maganar yayana ta tabbata. Na ce to bari in ɗinka huluna da rigunan yara in kai musu tsaraba, ta ce sai su ce musayar kaya da gero na zo yi irin ta 'yan koli.

Ku gane, ban tambaye ku ko in je ko kada in je ba, tafiya kam zan yi, ko duk Magaria za ta kira ni maroƙi. Ina da sauran ido kuma zan kashe shi inda na ga dama. Abin da nake tambaya, musamman mutanen ƙauye da ke cikin gurup ɗin nan, in faɗa wa ɗan kawuna shi kaɗai in roƙe shi ya riƙe, ko in rufe bakina gaba ɗaya? Kuma in mutum ya ɗauko damin geronsa a shekarar da bai samu ba ya ajiye a gabana, da wace magana zan mayar masa da shi ba tare da na ɓata masa rai ba, ba kuma tare da na ce masa makancewa nake yi ba?