Nauyi Ba Na Kwamfuta Ba Ne

Daren Talata, bakwai ga Rajab

Alhamdu lillahi, ɗiyata Hadiza ta samu kwamfutar da za ta buga littafin kammala karatunta na jami'a. Saura ƙiris in ɓata lamarin, alhali kuɗin ba su isa a saya sau biyu ba.

Da hantsi muka je shagon Alhaji Sani. Ya fito da guda biyu 'yan Kwatano, irin tafi-da-gidanka, farashinsu kusan ɗaya. Ni kuwa shekara arba'in ina auna hatsi, a wurina mai nauyi shi ne mai kyau. Na ɗaga kowacce a tafin hannu, na ce a ɗaure mana mai nauyin, wagga shafal ɗin ai ƙaiƙayi ce.

Hadiza ba ta musa mini a gaban mutane, sai ta sunkuyar da kai. Ga ta da cikin wata bakwai, kullum a bayan babur ɗin kabu-kabu daga unguwar Gidan Dahala zuwa makaranta.

Alhaji Sani ya yi dariya. "Baba, gero kaka saye? Ɗauki abarka ka raka ni bakin titi mu dawo."

Na rungumi mai nauyin muka fita. Kafin shingen sojoji kafaɗata ta sage, har wani soja ya tambaya ko batirin mota ne. Na dawo ina haki, na ce a ba Hadiza shafal ɗin.

A hanya ta ce, "Baba, dama ita nika so."

"Mi ya hana ki faɗi?"

"Bijiminka ka sayar. Da wane baki zan zaɓa?"

Allah ya yi wa Alhaji Sani albarka da bai ji kunyar furfurata ba.