Kabarin Abah a Melaka

Ipoh, 9 ga Sha'aban

Ƙanwata Norlela,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da fatan ruwan saman Sandakan bai hana ku sakat ba. Mahaifiyarmu Mak tana gaishe ki. Jikinta da sauƙi, sai dai idon, wanda yanzu haske da duhu kaɗai yake rarrabewa.

Kin san ta daɗe tana roƙon a kai ta Melaka kafin azumi, ta ziyarci kabarin mahaifinmu Abah. Shekara goma sha ɗaya rabonta da shi. To, yayanmu Abang Mokhtar ya aiko da tsarin tafiyar, shafi biyu da hannunsa, kamar mai shirya wa baƙin Turawa. Asabar da safe tsohuwar ƙofar ganuwa, sai jajayen gine-gine, sai keke mai furanni, sai kifi mai tsami da yaji a bakin teku. Lahadi kwalekwale a kogi. Har sa'ar shan ruwa ya rubuta. Tsohuwar da ba ta gani za a kai kallon gini, a garin da aka yanke mata cibiya! Maƙabarta kuwa ya sa ta can ƙasa da fensir: "in lokaci ya ragu."

Shekara ashirin ina koyar da tarihi, na san takardar da ake rubutawa don a ɓoye wani abu. Sai na ɗauko hotunan kabarin da yake aiko mana kowane Sha'aban, waɗanda nake bayyana wa Mak tana shafa su da yatsa. A duk na baya an naɗe duwatsun kai da ƙafa da farin ƙyalle. A na bana ƙyallen ya zame. Norlela, dutsen shimfiɗaɗɗe ne. Ko yaron goye ya san na namiji mulmulalle ne, shimfiɗaɗɗe na mace.

Na buga masa waya. Ya yi ta kame-kame, ya ce hasken kamara ne. Na ce ban san kamara tana sassaƙe dutse ba. Daga ƙarshe ya amsa. Turakun katako aka kafa wa Abah, shi kuma ya yi shekara uku bai leƙa ba, alhali tafiyar minti ashirin ce daga gidansa. Da ya je ya tarar gara da damina sun cinye su, ciyawa ta rufe layin, mai haƙan kabarin ya rasu. Sai ya zaɓi wanda ya fi kusa ya share, ya ɗauki hoto. Shekara takwas kenan.

Ya roƙe ni kada in faɗa wa Mak, wai zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ban yi masa alkawari ba, ban kuma faɗa mata ba. Jiya ta sa na sayo kwalbar ruwan wardi da za ta zuba wa kabarin Abah, ta ajiye ƙarƙashin matashinta. Me za ki yi in ke ce? Kafin amsarki ta iso mun tafi.

Yayarki,
Rohaya

Ipoh, 17 ga Sha'aban

Norlela ƙanwata,

Ina fata kuna lafiya. Mun dawo, Mak ta gaji amma ba ta kwanta ba.

Abang ya bi takardarsa sak. Ya tura Mak cikin keke mai furanni, yana ta bayanin ganuwa, ya cakuɗa shekarun mulkin Turawan Fotugis da na Holan, na ƙi gyara masa don kada bakina ya buɗe. Mak tana rungume da kwalbarta a cinya. Bayan cin kifi, da ya fara maganar kwalekwale, ta ce masa, "Mokhtar, kogin nan na wanke tsummanka a ciki. Kai ni wurin ubanka."

Muka je bayan la'asar. Ya riga ya sa sabon ƙyalle, ya ɗaure tam. Ina riƙe da hannunta, kalmar tana bakina, na kasa. Ta durƙusa ta yi sallama, ta kai hannu kan dutsen kai, ta shafa shi ta saman ƙyallen, gaba da baya. Ta daɗe. Abang yana kallon takalmansa.

"Wannan mace ce," in ji ta.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta tambaye shi komai ba. Da ta zage shi da na ji sanyi. Ta tambaye ni kabari nawa ne a layin nan marasa alama. Na ƙirga, bakwai. Ta ce in bi da ita. Ta yi wa kowanne sallama da addu'a, ta ɗiga masa ruwan wardi, tana auna kwalbar da babban yatsa don ya kai. Ragowar ta koma ta zuba wa matar. Ta ce wa Abang ya ci gaba da share kabarin matar, tunda ya saba mata.

A mota na fara, kin san ni. Na ce masa shekara takwas yana ba makauniya hoton ƙarya. Mak ta dafa gwiwata ta ce, "Ke da kike da ido, sau nawa kika zo?"

Norlela, ban zo ba ko sau ɗaya. Hoton ya ishe ni, kamar yadda ya ishe ki. Har yanzu ina fushi da shi, kada ki ɗauka na huce, sai dai fushin ya ƙi tsayawa a kansa shi kaɗai.

Da ma wasiyyarta a binne ta kusa da Abah. Yau da safe ta ce in rubuta miki ta sauya: ko'ina a layin ya yi.

Ki gaida yara. Ki zo sallah in da hali, tana ambatonki.

Taki,
Rohaya