Akwatin Baba da Ka Kai Masallaci

Yaya Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan Jidda ta karɓe ka lafiya, tunda ka daina ɗaukar wayata, bari in rubuta a nan inda kowa zai gani.

Ka san yadda mujallar yaran nan ta shigo gidanmu a unguwar Ka'akiyya. Baba yana tuƙa bas ɗin alhazai zuwa Muzdalifa, wani tsohon alhaji Bature ya ba shi kwafi ɗaya, ya ce harshen Esperanto ne, wanda aka ƙirƙira don kowa ya ji kowa. Lokacin 'yan shafuka ce baƙi da fari, wata malamar makaranta ke buga wa yara da keken rubutu. Da ita Baba ya koyi harshen, ya koya mini. Kai kuwa ka ce yaren aljanu ne, ka tafi ƙwallo.

Tare muka girma da mujallar. Ta samu launi, malamar ta rasu, ɗalibanta suka ci gaba. Ina shekara tara suka buga labarina, na kyanwar da ke kwana ƙarƙashin bas ɗin Baba. Sati guda yana yawo da shi a aljihu, yana nuna wa direbobin da ko harafi ba su gane ba.

Bana suka daina bugawa a takarda. Suna tattara tarihinsu, amma fitowar farko-farko duk sun ɓace musu. Na bugi ƙirji na ce akwatin Baba na da su kaf.

Na je shuggar unguwar Shisha, gidan hayar da Baba ya rasu a ciki, ba akwati ba dalilinsa. Matarka ce ta faɗa mini. Ranar kwashe kaya ka juye shi a akwatin masallaci, inda ake tara takardu masu sunan Allah a ƙone. Wai ba ka iya karantawa ba, ka ji tsoro kada sunan Allah yana ciki a taka.

Sannu da taƙawa, Yaya! Daga Shisha zuwa gidana minti nawa ne a taksi? Mai iya karantawar tana raye, uwa ɗaya uba ɗaya. Tsoron Allah ya kai ka masallaci, bai kai ka ƙofata ba, don abin da ya haɗa ni da Baba bai taɓa yi maka daɗi ba.

Ina jin haushinka ƙwarai. Jiya na rubuta wa mutanen mujallar cewa hannuna babu komai. Suka ba ni haƙuri, suka ce labarin kyanwar ma ba su da shi.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa. Kai kuma Allah Ya tsare mini kai, don kai kaɗai ka rage mini, Ya ba ni zuciyar yafe maka, yau kam ba ni da ita.

Ƙanwarka,
Hajara