Takardar da Ba Za Ku Ƙona Ba

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku ne na rubuta wannan da hannuna, a gado na shida a ɗakin marasa lafiya na maza, ranar Litinin da hantsi. Hankalina ƙalau yake. Hantata ce ta lalace, ba kaina ba. Na faɗi haka ne saboda kai, Babba, na ji ka gaya wa mahaifiyarku a bakin ƙofa wai magani ne ke sa ni surutu.

Na ɗaya. Ga abin da ya faru, don kowannenku ya daina ba da labarin yadda ya ga dama. Wata bakwai da suka wuce, ranar Asabar bayan la'asar, Kawunku Makaniki, ƙanin mahaifiyarku, ya zo aron bindigar farautar da na gada daga mahaifina, don birai sun addabi gonarsa. Na ɗauko na ba shi. Washegari ya harba, bututun ya fashe daga gindi, ya tafi da yatsu uku na hannunsa na dama. Uku, Auta, ba biyu ba. Na ƙirga.

Na biyu. Na san bindigar tana da tsaga. Shekara biyu kafin wannan rana maƙeri ya nuna mini ita da farcensa, ya ce kada a sake harbawa. Na dawo gida na rubuta gargaɗinsa a takarda, na sa kwanan wata, na sa hannu, na ajiye a koren fayil tare da lasisi. Wato na gargaɗi fayil, ban gargaɗi mutum ba. Ranar da kawunku ya zo, falo cike yake da surukaina, kuma shekara ashirin ina cika musu baki cewa bindigar babana ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sai na kasa buɗe baki a gabansu. Abin da na ce masa kawai shi ne ya bi ta a hankali. Wannan ba gargaɗi ba ne. Ko tsintsiya ka ara wa mutum haka za ka ce masa.

Na uku. Wata huɗu ke nan da na karɓi digirina na shari'a, ina da shekara hamsin da bakwai, bayan shekara talatin ina ƙirga katako a sito. Ba a rantsar da ni lauya ba, kuma da alama ba za a yi ba. Amma abin da na karanta na riƙe shi. Wanda ya ba da aron abu kyauta ba a cika kama shi da aibin da bai sani ba. Wanda ya sani ya yi shiru, alhaki na kansa. Na amsa tambaya irin wannan a jarrabawa, na ci da kyau, alhali a lokacin hannun kawunku yana naɗe da bandeji. Ƙari a kan haka, lasisin sunana ke kai, ba ni da ikon miƙa ta ga kowa. Laifi biyu ke nan, duk nawa.

Na huɗu. Babba, sau uku kana tambayata inda koren fayil yake, kana cewa idan takardar ta ɓace babu mai iya tabbatar da cewa na sani. Gaskiya ne, ka iya lissafi. Amma ka daina birkita durowar mahaifiyarku, ka karya mata makulli biyu a banza. Na yi kwafi huɗu tun kafin a kwantar da ni. Ɗaya yana wurin lauyan kawunku tun ranar Alhamis. Ka ƙona sauran in ranka ya so, ashana na kan taga.

Na biyar. Duk diyyar da kotu ta yanke, ko wadda aka daidaita a kai, a fitar da ita daga abin da na bari kafin a raba wa kowa komai. Ban yarda a ɗaukaka ƙara ba. Ban yarda a yi ciniki da shi kamar ana sayen akuya ba. Mutumin nan da sifana yake ci da iyalinsa, yanzu ko maɓallin riga sai an sa masa.

Na shida. Auta, ka ce kana son bindigar don tunawa da kakanka. Tana hannun 'yan sanda a matsayin shaida, cikin leda, gida biyu. Idan aka gama shari'a a bar musu ita su lalata. Kakanka ya bar agogo da tabarau, ka ɗauki wanda ka ga dama. Babu wanda tabarau ya taɓa cire wa yatsa.

Na bakwai. Ke kuma Uwata, da na sa miki sunan mahaifiyata ban zaci har zuciyarta za ki ɗauko ba. Kin haɗu da kawunki a layin karɓar magani kin kau da kai, wai don ya kai mahaifinki kotu. To ina zai kai ni? Ni na ba shi shawarar ya shigar da ƙarar, don na san halinku idan na kau. Shi ya goya ki zuwa makaranta shekarar da na karye. Ki je ki gaishe shi, ki durƙusa yadda aka koya miki.

Abin da ya fi damuna mahaifiyarku ce. Wata bakwai tana tsakanin mijinta da ƙaninta, ba ta taka gidansa ba don kada ku ce ta juya mini baya. Jiya na ga tana kallon lambarsa a waya, ta mayar da wayar jaka. Idan na tafi, shi ne kaɗai ya rage mata a 'yan ɗakinsu. Kuna so ku raba ta da shi saboda kunyar da ni na ji a falo?

Allah Ya yi muku albarka, duk da ciwon kan da kuka sa mini. Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da ku. Ku riƙe juna, ku yafe mini. Ranar da za a ɗauke ni, kawunku ya tsaya a sahun gaba tare da ku. Ba zai iya kama makara da dama ba, ku bar masa ɓangaren da zai kama da hagu.