Wuƙar da Ka Ɗaura Mini a Ƙugu

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sassauta maka kwanciyar kabari. Na fara da addu'a ne don haka aka koya mini, ba don zuciyata ta yi sanyi ba. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, tunda ba ka taɓa zama gaban allo ba. Sai dai ka miƙa wa wani malami, yana kaiwa inda maganar ta yi zafi ka ce ya isa haka. To yanzu babu bakin katse ni. Kwanta ka ji.

Shekaranjiya aka yi sadakar arba'in ɗinka. Jama'a sun zo, har da leburorin jirgin ƙasa da ke kallon wasanka ranar da aka biya su, Nufawa da Yarabawa da Gwarawa. Wasunsu ko Hausar kirki ba sa ji, amma sun san Gagarau ɗan tauri. Makaɗinka ya zo ya yi kukansa, ya ci waina, ya tafi, kuma na ji har ya sami wani ɗan taurin da yake bi. Sabon Gari sai ƙara cika yake yi. Filin da kake wasa a bakin kasuwa, wata Bayarabiya ta kafa rumfa tana sayar da gishiri da ashana. Matar ƙanena Sale ta koma gidansu da 'yar da ta haifa bayan rasuwarsa. A wurin sadakar kowa magana ɗaya yake yi, wai ƙarfe ya yi ta neman ka shekara da shekaru bai same ka ba, sai da zazzaɓi ya zo. Ni kuwa ina zaune a kan tabarma ina amsa gaisuwa.

Inna tana nan yadda ka bar ta. Tun ranar da aka kawo gawar Sale daga rafin Kubanni ba ta ɗaga ido ta dube ni ba, sai jiya. Kada ka ce kunya ce, ni ba ɗan fari ba ne, da ni ne ma abokin hirarta in tana kaɗi. Yanzu sai ta ajiye mini tuwo a bakin ƙofa ta juya, in na gaishe ta ta amsa wa ƙasa. Wannan ne abin da ya hana ni barci, ba mutuwarka ba.

Bari in tuna maka mafarin abin, tunda kai gwanin mantuwa ne. Baturen safiyo ya nemi mutane za su shiga dajin Samaru awon hanya, aka ɗauke ni da Sale. Shi jakuna aka ba shi. Ni aikina kafa zango ne: feƙe turaka, yankan igiya, yankan ciyawar bukka, feɗe nama in an harbo, faskaren ƙiraren girki. Helma, shugaban leburori, ya ce adda za a raba, amma wuƙa kowa ya zo da tasa.

Wuni na yi a maƙerar Isa ina zaɓe. Na riga na leƙa kanti na ga irin masu naɗewar nan masu sheƙi, Isa ya ce in rabu da su, duk wuƙar da ke da gaɓa a gaɓar za ta ci amanar mutum. Ban ɗauki barho ba, don ba faɗa za ni ba, doguwar wuƙa kuwa a wurin fiɗa wahala ce kawai. Na ɗauki wadda ba ta wuce taƙi ɗaya ba, mai kaurin baya, yadda ko an buga mata itace a baya don tsaga reshe ba za ta ji komai ba. Ƙarfenta guda ne tun daga tsini har ƙarshen ƙota, ba irin wadda ake soka ɗan wutsiya a itace a toshe da ƙaro ba. Da tsohon magagari Isa ya ƙera ta. Na sari ƙaho da ita, na dawo na aske gashin hannuna, ta aske. Na tsoma hannu a ruwa na riƙe ƙotar, ba ta yi santsi ba. Na sa ta a kube na kifa shi na girgiza, ba ta faɗo ba. Wallahi Baba, tunda nake ban taɓa zaɓen abu da hankalina irin na ranar ba.

Sai ga ka, da ganga, da zugar mutane a bayanka. Ka karɓi wuƙar ka juya ta, ka yi dariyar nan taka, ka jefar a gaban Isa. Ka ce ɗan Gagarau ba zai shiga daji da abin yankan farce ba. Ka kwance taka, mai kuben nan da ya sha layu, wadda duk Zariya ta ga kana gurza ta a cikinka ba ta ci, ka ɗaura mini a ƙugu da hannunka. Ganga ta ɗauka, mata suka yi guɗa. Ka kafa mini sharaɗi a gaban kowa: kada in zare ta sai ranar tsanani, kada in wasa ta, kada wani ya taɓa, in ba haka ba asirinta ya karye. Wane ɗa ne zai kwance abin da ubansa ya ɗaura masa a bainar jama'a? Kuma me zai sa in kwance? Daɗi na ji. Tun ina yaro nake leƙen wuƙar nan a rataye, ina ganin duk duniya babu mai uba irin nawa.

A zango da addar da aka raba nake aiki, in abu ya zo na ƙaramar wuƙa in ari ta Sale. Taka tana ƙuguna ina jiran ranar tsanani, kamar yadda ka ce. Ranar kuwa ta zo. An yi ruwa a can sama, mu ba mu sani ba, muna tsakiyar ƙetare Kubanni rafin ya taso. Adduna duk an ɗaure su cikin kaya. Sale ya naɗe igiyar jaki a wuyan hannunsa, jakin na ɗauke da tanti. Ƙafar jakin ta zame, ruwa ya ja shi, igiyar ta shaƙe hannun Sale. Na kama saiwar wata bishiya da hannu ɗaya, Sale kuma ya kama rigata. Igiyar tana nan a miƙe a gabana, igiyar rama ce, wadda ko yaro zai tsinke da wuƙar kirki a ja ɗaya.

Na zare wuƙarka na ja. Ta zame. Na sake ja, na gurza, na gurza, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Na danna da ƙarfina duka, sai ta lanƙwashe a hannuna. Sale yana kallona yana kiran Yaya, har rigar ta yage. Washegari aka same shi can ƙasa cikin ciyayi, igiyar tana hannunsa.

Ka san Allah, Baba, da a nan ka tsaya, da wataƙila na sami inda zan ajiye abin a zuciyata. Sai in ce giyar ganga ce ta ɗebe ka a maƙera, ba ka zaci ranar za ta zo ba. Amma me ka yi a zaman makoki? Mutane suka fara raɗa, yaya wuƙar Gagarau za ta kasa cin igiya? Ka gyara zama, ga ƙasar kabarin ɗanka ba ta bushe ba, ka ce ba laifin wuƙa ba ne. Ka ce tun ina jariri ka yi mini wankan maganin tauri, ya kama ni fiye da kima, shi ya sa duk ƙarfen da ya shiga hannuna sai ya mutu. Aka yi ta kabbara. Kafin sati ya zagayo zaurenmu ya cika da masu neman irin maganin da ka ba ni. Da gawar Sale ka yi talla, Baba. Ba ka ji kunyar Allah ba?

Ni kuma ka san abin da ka bar mini? Helma ya sallame ni, ya ce ba ya tafiya daji da mutumin da ƙarfe ke mutuwa a hannunsa. In na bi ta rumfar mahauta sai su tura wuƙaƙensu ƙarƙashin tabarma. Wanzami ya ƙi yi mini aski, wai kada askarsa ta lalace. Dako nake yi yanzu a tasha, ina sauke buhunan gyaɗa da auduga, don buhu ba ƙarfe ba ne. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna tana bayan zana tana jin ka lokacin da ka faɗa. Na ce a raina shi ke nan, ta ɗauka hannun ɗanta ɗaya ne ya kashe mata ɗayan.

Da ka kwanta ciwo ni na yi jinyarka. Ina zaune a gefenka ina jiran kalma ɗaya. Ka nemi ruwa, ka nemi kunu, ka tambayi ko an ba akuya dusa, ka ce a gyara maka layun kube kada ɓera ya ci. Har ka cika ba ka ambaci Sale ba. Ni na yi maka wanka, idona a bushe, mutane suna cewa Audu akwai dauriya. Ba dauriya ba ce. Tsanarka nake yi, kuma ga shi na faɗa.

Jiya da safe na ɗauki wuƙar na kai wa Isa. Da farko ya ƙi taɓawa, sai da na rantse masa cewa ni na karya sharaɗin, ba shi ba. Ya ɗora mata magagari, magagarin ya ci ta kamar sabulu. Ya ce ɗanyen ƙarfe ne, ba a taɓa tsoma ta a ruwa tana ja ba balle ta yi ƙwari. Ya nuna mini ɗan kaifin da ke kusa da tsini, inda kake yanka rake ka nuna wa jama'a, sauran kuwa an goge shi sumul, da gangan. Ni ban ce babu tauri a duniya ba, Allah ne masani. Na ce dai wannan wuƙar ta wasa ce, ka kuma san ta wasa ce lokacin da kake ɗaura mini ita.

Na ari wuƙa ɗaya a wurinsa, na sayi igiyar rama, na nufi gida har ina tuntuɓe. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Na jiƙa igiyar a gabanta, na ja wuƙar Isa sau ɗaya, ta rabu biyu. Da hannun nan nawa, wanda ka ce yana kashe ƙarfe. Sannan na ajiye mata taka da sauran igiyar, na roƙe ta don Allah ta gwada da hannunta, ta ga ba ni ba ne.

Ba ta taɓa ba. Ta ajiye rariya. Can ta ce, "Na sani, Audu. Ni nake goge masa bakinta a dutsen niƙa duk ranar da zai fita wasa."

Ta ce ranar da muka shigo yi mata sallama ni da Sale, ta ga wuƙar a ƙuguna. Ta buɗe baki za ta yi magana, kana tsaye a bayanmu, ka dube ta, ta rufe. Ta ce ta yi ta gaya wa kanta ai akwai adda, ai akwai wuƙar Sale, ai kwana kaɗan ne mu dawo. Ba hannuna take gudu ba duk tsawon wannan lokaci. Ba ta iya kallon wanda ta bari ya fita da abin nan ne.

Daga nan ta ɗago ta dube ni. Abin da na fi shekara ina roƙon Allah ke nan, ga shi na samu, kuma da na san abin da zan gani a idon nan da ban roƙa ba. Tsohuwa ce ƙarama, Baba, ta ƙare tun tana numfashi. Shekara nawa ka sa ta tana durƙusa a gaban dutsen nan tana goge maka ƙarya, tana tsoron idonka?

Na fito daga maƙera da niyyar washegari in tsaya a bakin kasuwa, inda kake wasa, in lanƙwasa wuƙar nan a gaban kowa in wanke hannuna. Helma zai mayar da ni aiki, mahauta su daina ɓoye wuƙa. Amma na san mutanen garin nan. Suna gama mamaki za su tambaya, to a gidan wa da wa suka sani? Matar Sale za ta ji, danginta za su ji, yarinyar nan za ta girma ta ji abin da kakarta ta gani ta yi shiru. Kai ka tafi, babu abin da zai same ka. Inna ce za ta ɗauka, ita kuwa ba ta da sauran wuyan ɗauka.

Saboda haka ba zan faɗa ba. Ka ci nasara, Gagarau. Sunanka zai zauna yadda ka bar shi, ni kuma gobe da asuba zan koma tasha in ɗauki buhu, in na bi ta rumfar mahauta in sunkuyar da kai. Ba don kai zan yi ba, kada ka kuskura ka ɗauka don kai ne.

Ranar jana'izarka liman ya ce a yafe maka, bakina ya faɗa tare da na mutane. Allah Ya san inda maganar ta tsaya. Wataƙila wata rana ta sauka har zuciya, amma ba yau ba. Sale ya riga ka isa can, shi ba ya sayen magani, ba ya jin ganga. Sai ka san abin da za ka gaya masa.

Sai mun zo.

Ɗanka da ya rage,
Audu