Makarantar da Ke Nesa da Ruwa

Ingila, Nuwamba 1958

Yaya Ƙasimu,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya Inna da su Yelwa, da mutanen Wudil? Ni lafiya lau nake, kada ku damu.

Makarantun koyon tuƙin jirgin sama biyu suka karɓe ni. Ta bakin teku ta fi suna, jiragenta sababbi. Malaminsu ya tashi da ni don gwaji. Da muka hau kan ruwa na leƙa ƙasa, wallahi Yaya, sai na ji muryar ƙanenmu Ɗantani yana kirana, kamar ranar da kogi ya tafi da shi. Na runtse ido, na ƙanƙame kujera. Baturen ya ce, "Lafiya?" Na ce sanyi ne.

Na zaɓi ɗayar, wadda ke tsakiyar gonaki. Amma an ce ba wanda zai gama bai ƙetare teku ba.

Kada Inna ta ji. Ka ce mata gonakin ne suka tuna mini da ƙauyenmu Utai. A yi wa Ɗantani sadaka ran Juma'a. Ni kuma a sa ni a addu'a, don ko a ƙasa kiran bai daina ba.

Ƙanenka,
Isyaku