Ni Na Koya Mata Lissafi, Ita Aka Ba Tallafin

Doña Gilma, ki taimake ni kafin ranar Lahadi, don in ba ki tare ni ba zan yi abin da dangi za su daɗe suna zancensa. Kuma kada ki soma ce mini in yi haƙuri, na san halinku masu ba da shawara a jarida.

Ni ke kula da sashen ciniki a wata masana'antar takalma a nan Bucaramanga. Ni da 'yar kawuna Nayibe muka nemi digiri na biyu a wata makarantar kasuwanci da ke Bogotá. Makarantar tana rage wa wasu ɗalibai kuɗin karatu, wai tallafin cancanta. Cancanta! Nayiben da ko lissafin kashi cikin ɗari ba ta iya ba? A teburin kicin ɗina ta koya, tana shanye mini kofi tana kukan wai kanta ba ya ɗauka. Da sakamakon jarrabawar shiga ya fito, na wuce ta nesa ba kusa ba.

An ɗauke mu duka biyu. Ita aka yafe mata rabin kuɗin, ni ko peso ɗaya.

Kin san yadda aka yi? Da malaman suka gana da ni, sai na buɗe musu cikina. Na ce tun ina yarinya nake burin makarantarsu, ban nemi ko'ina ba, ko motata zan sayar sai na zo. Suka yi ta gyaɗa kai suna murmushi, munafukai. Ita kuwa gwanar ta je ta nemi wata makaranta a Medellín, garin da ko ziyara ba ta son kai masa. Har ta ishe ni da naci wai in nema ni ma, na ce ni ba na wasa da hankalin mutane. Da na can suka yi mata ragi, sai ta kira na Bogotá da muryar nan tata ta marainiya, wai su take so amma Medellín na jan ta. Nan da nan suka ruɗe.

Yanzu kakarmu ta sa a yanka kaji, za a dafa farfesun nan namu na sancocho ranar Lahadi a taya "mai ƙwaƙwalwar gidan" murna. Mahaifiyata ma ta ja ni gefe tana tambaya ko ban dage da karatu ba ne. Wannan ta fi komai ƙona mini rai. Niyyata in miƙe a gaban tukunyar in tona mata asiri, in sanar da makarantar cewa ƙarya ta shirga musu, sannan in fasa karatun su riƙe tsiyarsu. Wallahi na tsane ta, na tsane su.

Wadda Aka Cuta, Bucaramanga

'Yata, ba zan ce ki yi haƙuri ba, amma zauna ki ji.

Fushinki da makarantar yana da hujja. Suna kiran abin cancanta, alhali ban da maki suna kuma amfani da shi wajen riƙe ɗalibin da suke tsoron wata makaranta ta ƙwace. Sai dai ke fa mai sayar da takalma ce. Wa kike yi wa ragi, wanda ya rantse ba zai saya ko'ina ba sai wurinki, ko wanda ya juya zai fice daga shago? Kin ce musu za ki sayar da mota, su kuma suka yarda da ke.

Nayibe ta ƙara gishiri a zancenta, ban yaba mata ba. Amma ba naki ta ɗauka ba, kuma makarantu biyu ba sa rububin daƙiƙiya. In kika kai ƙararta ba za a miƙo miki kuɗinta ba. Abin da kawai za su sani game da ke shi ne kin kai ƙarar 'yar'uwarki.

Kada ki fasa karatu don ki huce haushi, babu wanda zai yi asara sai ke. Ranar Litinin ki kira ofishin ɗaukar ɗalibai, ki roƙi a sake duba batunki. Ki nuna musu cinikin da kika kawo wa masana'antarku, ki tambaya ko tallafin waɗanda suka fasa zuwa yana komawa ga wasu. Ki kuma taɓa maigidanki a wurin aiki ko zai ɗauki wani kaso. Mahaifiyarki kuwa, ki nuna mata makinki ku biyu a ɗaki.

Yanzu sake karanta wasiƙarki. Da hannunki kika rubuta cewa Nayibe ta ishe ki da naci ki nemi Medellín. Ta nuna miki hanyar tun da wuri, kika ce kin fi ƙarfinta. Don haka ranar Lahadi ki je ki ci sancocho, ki ja ta gefe ta faɗa miki abin da ta ce musu a waya, kalma bayan kalma. Kin koya mata lissafi, shugabar sashen ciniki, to ki sauke kai ta koya miki ciniki.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya kai ku Bogotá tare.

Doña Gilma